Ku Tambayi Malamin Kimiyya: Wa Ya Tura Ni Gaba Da Direba Ya Taka Birki?

Wasiƙun wannan watan sun zo kamar masu rubuta su sun haɗa baki. Huɗu daga ciki duk a kan motsi suke magana: me ke tayar da abu, me ke tsayar da shi, kuma yaya za a yi yaro ya gane. Na jingine sauran zuwa fitowa ta gaba, saboda wannan babi ne da na shekara 26 ina koyar da shi a sakandare, kuma babu babin da na ga ana cutar yara da haddar aku a kansa kamar shi.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare, ɗalibai 74 ne a ajina. Ba mu da ɗakin gwaje-gwaje. Na rubuta musu dokokin motsi uku na masanin kimiyya Niyuton a allo, sun haddace tsaf, amma da na tambaye su me dokar farko take nufi sai aji ya yi tsit. Kuma na rasa kalmar Hausa da zan fassara musu "inashiya" da ita. Ina mafita? Daga wata malama a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka miki da alheri a kan wannan ɗawainiya. Na san irin wannan shirun, kuma ba ya nuna cewa yaran ba su da kai. An miƙa musu amsa ne tun ba su yi tambayar ba, sai suka ajiye ta kamar yadda ake ajiye lambar waya.

Gobe idan kin shiga aji, kar ki taɓa alli. Ki tambaye su wa ya taɓa zama cikin a-daidaita-sahu direba ya taka birki ba zato. Hannuwa za su tashi. Ina jikinka ya nufa? Gaba. To wa ya tura ka? A nan gardama za ta kaure, wani ya ce birki ne, wani ya ce iska ce. Ki bar su su yi ta yi na ɗan lokaci, domin gardamar ita ce darasin. Daga baya ki tuna musu cewa birki a taya yake, ko taɓa fasinja bai yi ba. Gaskiyar maganar ita ce babu wanda ya tura shi. Shi da keken suna tafiya tare, aka tsayar da keken, shi ba a tsayar da shi ba, sai ya ci gaba da tafiyarsa har ƙarfen gabansa ya tare shi. Haka kuma idan ɗan acaɓa ya fizgi babur ka ji ka yi baya: babur ne ya fita daga ƙarƙashinka, jikinka yana nan inda ka bar shi.

Dokar farko ke nan, ba ƙari ba ragi. Abin da ke tsaye zai zauna a tsaye, abin da ke tafiya zai ci gaba da tafiya a miƙe da gudunsa, sai fa idan wani ƙarfi daga waje, turi ko ja, ya shiga tsakani.

Batun kalma kuma, asalin "inashiya" daga Latin ne, ma'anarta kasala ko rashin kataɓus. Na ji wasu malamai suna cewa "kasala" ko "nauyin jiki", amma ni ban yarda da su ba, don rabin magana kawai suke ɗauka. Kasala ta dace da dutsen da ya ƙi tashi, amma tirelar da ta ƙi tsayawa a gangare fa, ita ma kasala ce? Ni "naci" nake ce wa ɗalibaina. Mai tsayuwa ya nace a kan tsayuwarsa, mai tafiya ya nace a kan tafiyarsa. Yaron Bahaushe ya san naci, ana faɗa masa kullum a gida. Idan ya kama ma'anar da harshensa, sai ki ba shi kalmar Turancin saboda jarrabawa, za ta zauna daram tunda ta sami wurin zama.

Rashin ɗakin gwaji kada ya dame ki a wannan babin. Ki raba su rukuni-rukuni na mutum shida ko bakwai, kowane rukuni su zo da kofin shayi, da guntun kwali mai santsi, da ƙwallon dabino. A rufe bakin kofin da kwalin, a ɗora ƙwallon a tsakiya, sai yaro ya ɗalle kwalin da yatsa da sauri. Kwalin zai yi fit ya fice, ƙwallon ya faɗa cikin kofi. Su sake, amma wannan karon su ja kwalin a hankali: ƙwallon zai bi shi. Ki tambaye su me ya bambanta. Sai dai ga sharaɗina, kuma ina roƙonki kada ki tsallake shi: kafin a ɗalle, kowane yaro ya rubuta a littafinsa inda yake zaton ƙwallon zai je. Yaron da ya yi hasashe ya ga ya kuskure ba ya mantawa. Wanda aka nuna wa kawai, kallon siddabaru ya yi.

Wanda ya fi burge ni shi ne na ƙwai. Ki zo da biyu, ɗanye da dafaffe, ki juya kowanne a kan faranti. Ki dafa shi da yatsa ya tsaya cak, ki ɗauke yatsan nan take. Dafaffen zai zauna. Ɗanyen kuwa zai sake fara juyawa shi kaɗai, domin ɓawon kika tsayar, ruwan cikin yana nan yana zagayensa, sai ya sake jan ɓawon. Ɓawon shi ne a-daidaita-sahu, ruwan cikin shi ne fasinja. Ban taɓa yin wannan a aji ba tare da na ji an yi kabbara daga bayan aji ba.

Aikin gida da nake bayarwa guda ne: kowa ya nemo mini naci a gidansu. Abin da suke dawowa da shi yakan fi abin da ke cikin littafi. Wata ta ce idan an bugi tabarma, tabarmar ce ke gocewa ta bar ƙurar a iska. Wani ya ce idan an yarfe hannu bayan an wanke, hannu ne ya tsaya ruwan ya wuce. Wani ya kawo girgiza reshen magarya. Akwai wani yaro, mahaifinsa kafinta ne, da ya zo da guduma har aji. Kanta ya yi sako-sako, sai ya buga gindin ƙotar a ƙasa sau uku, kan ya zauna gam. Ya ce: "Malam, ƙotar ta tsaya, ƙarfen bai tsaya ba." Na ba shi allin na ce ya rubuta wannan jimlar a allo, a kanta muka tashi ranar.

TAMBAYA: Malam, ɗana ɗan shekara 9 ya tambaye ni me ya sa ƙwallo yake tsayawa bayan an buga shi. Na ce masa ƙarfin bugun ne ya ƙare. Sai yayansa ya ce a makaranta an koya musu abu ba ya tsayawa da kansa. Wane ne da gaskiya? Daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi.

AMSA: Alhaji, yayan ne da gaskiya, amma amsar da ka bayar ita ce amsar da ido ke ba kowa, kuma manyan masana sun zauna a kanta shekaru kusan 2,000. Aristotil na ƙasar Girka, wanda ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa alaihis salam, ya koyar da cewa abu ba ya ci gaba da motsi sai da mai tura shi. Wa zai musa masa? Ka daina tura baro, baro ya tsaya.

Sai dai ƙarfin bugu ba fetur ba ne da ake ɗura wa ƙwallo ya ƙone a hanya. Ƙafar yaron ta gama aikinta tun lokacin da ta rabu da ƙwallon. Daga nan abin da ke faruwa shi ne ana ta rage masa gudu: ƙasa tana gogarsa, iska tana tokare shi. Wannan gogayya ita ce ɓarawon da ba a gani, kuma saboda tana ko'ina a duniyar nan, shi ya sa dokar farko take yi wa yara kama da ƙarya. Malamin da bai fito da gogayya fili ba, yaransa za su rubuta maganar Niyuton a takardar jarrabawa, amma a zuci suna tare da Aristotil.

Abin da zan so ka gaya wa yaran biyu shi ne, daga cikin waɗanda suka fara hango bakin zaren akwai Ibn Sina, likitan nan kuma masanin falsafa da aka haifa kusa da Bukhara wajen shekarar 980, ya rasu a 1037. Ya ce abin da aka jefa yana samun wata karkata zuwa ga tafiya, kuma wannan karkatar ba ta gushewa da kanta, wani abu ne daga waje, kamar iska, yake cinye ta. Bayan ƙarnuka sai Galiliyo na Italiya ya bi ta hanyar gwaji. Ya lura cewa idan ƙwallo ya gangaro daga wani tudu ya hau na gabansa, yakan kai kusan tsayin da ya baro. Idan aka kwantar da tudu na biyu kaɗan, sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya kai wannan tsayin. To idan aka kwantar da shi gaba ɗaya, kuma babu gogayya, yaushe zai tsaya? Babu rana. Niyuton na Ingila ya zo ya ɗinke maganar ya sa ta zama ta farko a dokokinsa uku, cikin littafinsa Principia da ya fito a 1687.

Ka yi wa ƙaramin irin tafiyar da Galiliyo ya yi, a tsakar gida. Ka karɓo ɗan boris guda a wurin mai gyaran keke. Ka jingina katako ya zama gangare, ka riƙa sakinsa daga wuri ɗaya kullum don kada a ce hannu ya bambanta. Ya gangara kan rairayi, ku auna da taku. Sai kan tabarma, sai kan daɓen siminti, sai kan tayil idan akwai. Kowane karo nisan yana ƙaruwa. Daga nan kar ka ba shi amsa, ka tambaye shi: da za a sami daɓen da ya fi wannan santsi sau dubu, kuma babu iska fa? Ka jira. Da bakinsa zai ce maka ba zai tsaya ba.

Idan ya ce ina aka taɓa ganin haka, akwai. A ranar 5 ga Satumba 1977 Amurka ta harba wani kumbo mai suna Voyager 1. Yau ya yi nisan fiye da kilomita biliyan 24 daga nan, yana gudun kusan kilomita 17 a kowane sakan, kuma babu injin da ke tura shi gaba. 'Yan ƙananan injinan da ke jikinsa na daidaita fuskarsa ne don ya riƙa kallon duniya yana aiko da saƙo. Da irin wannan gudun, daga Kano zuwa Kaduna bai kai sakan 15 ba. Naci ne kawai ke tafe da shi, a sararin da babu ƙasa babu iskar da za ta goge shi.

Kada a manta da kalmar "a miƙe" da ke cikin dokar. Duk wanda ya yi tsaron gero ya san majajjawa: kana wulwula dutse yana zagaye saboda igiya tana jansa zuwa hannunka, da ka saki sai ya bar zagayen ya tafi samɓal. Haka wata yake. Shi ma so yake ya wuce a miƙe, jan da duniya ke yi masa shi ne igiyarsa.

TAMBAYA: Malam, kullum muna saɓani da maigidana a mota. Nakan zauna gaba in rungume jaririna a cinya, shi kuma ya ce lallai in koma baya in ɗaura bel. Ni gani nake babu bel ɗin da ya kai hannun uwa. Ka raba mana gardama. Daga wata uwa a Kano.

AMSA: Hajiya, babu mai shakkar cewa ba za ki saki ɗanki da son ranki ba. Amma maigida ne da gaskiya, kuma ina so ki bi ni a hankali cikin lissafin, don ba na so ki karɓa saboda kawai na faɗa.

Ki dubi mai ruwa da kurarsa. Idan babu komai a ciki, da hannu ɗaya yake tayar da ita. Idan ya loda jarka 10 masu lita 25, ruwan kaɗai kilo 250 ne, sai ya sunkuya ya sa ƙirji kafin ta motsa, kuma a gangare za ki ga yana turjewa da ƙafafu yana jan ta baya. Yawan kaya, yawan naci. Dokar Niyuton ta biyu wannan ta mayar lissafi: ƙarfin da ake buƙata daidai yake da yawan kilo na abin, a ninka shi da saurin yadda gudunsa ke sauyawa. Wato abu biyu ne ke sa a buƙaci ƙarfi mai yawa, ko kayan su yi yawa, ko a so sauya gudunsu cikin ƙiftawar ido. Na biyun shi ne abin da mutane ba sa lissafawa.

Mu ce jaririn kilo 10 ne, motar tana gudun kilomita 50 a awa, gudun cikin gari. Wannan kusan mita 14 ne a kowane sakan. Allah ya kiyaye, mu ce ta daki wani abu ta tsaya cikin kashi ɗaya bisa goma na sakan. Motar ta tsaya, yaron bai tsaya ba, yana nan da gudunsa na mita 14. Don ki tsayar da shi tare da motar, sai hannunki ya yi ƙarfin riƙe abin da ya kai kilo 140. Buhun siminti uku ke nan saura kaɗan, a fizge miki su lokaci guda ba tare da sanarwa ba. Babu uwar da za ta iya, babu ɗan damben da zai iya. Abin da ya fi tayar mini da hankali kuma shi ne, idan ke ma ba ki ɗaure ba, naki jikin zai bi bayansa, yaron ya kasance tsakaninki da gaban motar.

Aikin bel shi ne ya haɗa ki da motar, kuma ya ɗan ja lokacin tsayawar. Kin taɓa kallon masu sauke kankana daga mota suna jefa wa juna? Mai cafewa ba ya sandare hannu, yakan bi ta ya ja hannun baya kaɗan. Yana tsawaita lokacin tsayawar ne, sai ƙarfin ya ragu, kankanar ba ta fashe ba. Bel mai ratsa ƙirji da ƙugu irin na motocin yau, wani injiniya ɗan Suwidin mai suna Nils Bohlin ne ya ƙirƙiro shi a kamfanin Volvo, aka fara sa shi a 1959, kuma kamfanin ya bar sauran masu ƙera motoci su yi amfani da shi kyauta.

Shawarata ita ce yaro ƙarami wurinsa kujerar baya. Idan da hali a saya masa kujerar jarirai da ake ɗaurewa a mota, ta fi sabon leshi amfani. Kada kuma a haɗa uwa da ɗa cikin bel guda, domin nauyinki ne zai matse shi. Ki gaishe mini da maigida.

TAMBAYA: Malam, ina aji biyu na babbar sakandare. Doka ta uku ta ce duk ƙarfin da aka yi akwai wani daidai da shi da ke mayar da martani. To idan jaki ya ja amalanke, amalanken ma ya ja shi baya daidai wa daida, ta yaya suke tafiya? Ai ya kamata su soke juna. Daga wani ɗalibi a Bauchi.

AMSA: Madalla da kai, ɗana. Wanda ya yi wannan tambaya ya wuce hadda, ya fara tunani.

Ƙarfi biyu suna soke juna ne idan a kan abu guda suka sauka. Waɗannan kuwa ba a kan abu guda suke ba: ɗaya a kan amalanke yake, ɗayan a kan jaki. Don haka idan kana so ka san ko jaki zai motsa, ka tsaya a kan jakin kaɗai ka ƙirga abin da ke taɓa shi. Amalanke yana jansa baya, gaskiya ne. Amma akwai wani da ka manta, ƙasa. Jakin yana tura ƙasa baya da kofatansa, ita kuma tana tura shi gaba. Idan turin da ƙasa ke yi masa ya fi jan amalanken, sai ya ƙara gaba. Shi kuma amalanken, jan jaki ya fi gogayyar tayoyinsa, sai ya bi.

Idan kana son hujja, ka cire ƙasar daga lissafi ka gani. Ka sa jakin a taɓo mai santsi, zai yi ta wutsil-wutsil a wuri ɗaya, ga ƙarfi amma babu abin da zai tura ya turo shi. Motar da ta kafe a yashi haka take, taya na watsa rairayi baya ita tana nan. Masu kwalekwale a Yawuri sun san wannan tun kaka da kakanni: a wurin da ruwa bai da zurfi sukan kafa doguwar gora a ƙasan kogi su tura baya, jirgi ya yi gaba. Maharbi ma ya san yadda bindiga ke naushin kafaɗa lokacin da harsashi ya fita. Ƙarfin da ya sauka a kan harsashin da wanda ya sauka a kan bindigar daidai suke, amma harsashi ɗan ƙiris ne sai ya tashi da gudu, bindiga da mai riƙe da ita suna da yawan kilo sai su ɗan ja baya kawai. Ka ga doka ta biyu da ta uku tare suke aiki.

Za ka iya cewa to roka fa, me take turawa a sararin da babu ƙasa babu iska? Hayaƙinta take turawa. Tana watsa iskar da ta ƙone baya da gudu mai tsanani, iskar tana tura ta gaba. Ka gwada wannan da ƙannenka: ka zura zare mai tsawo cikin tsinken shan lemo, ka ɗaure bakin zaren biyu a jikin ƙofa da taga ya miƙe sosai. Ka hura balan-balan, ka riƙe bakinsa, ka manna shi a jikin tsinken da salatif, sannan ka saki. Ku auna nisan da ya yi. Ku sake hura shi daidai da na farko, amma ku manna masa marfin kwalba biyu a jiki, ku ga abin da zai sauya. Kafin kowane saki, ka sa ƙannen su faɗi hasashensu, kai ma ka rubuta naka, ka aiko mini da abin da kuka samu.